Injin shara mai batir: yadda ƙarko ya zame daga hannun doka

A watan Maris na 2018, a wajen ƙaddamar da sabon injin shara mai suna V10, James Dyson ya shaida wa manema labarai cewa kamfaninsa ya daina ƙirƙiro sababbin injina masu waya. A ganinsa mai batir ya kai ƙarfin da babu sauran dalilin jan igiyar wuta daga ɗaki zuwa ɗaki. Maganar ta yi nauyi saboda bakin da ta fito. Wannan ɗan Birtaniya shi ne ya sauya fasalin kasuwar tun 1993, lokacin da ya fito da DC01, injin da ke wulwula iska da ƙarfi har ƙura ta ware gefe, ba ya buƙatar jakar tara datti. Inda ya sa gaba sauran kamfanoni sukan bi, kuma sun bi. Cikin 'yan shekaru shagunan Turai da Amurka suka cika da sirara masu batir, daga masu ɗan karen tsada har zuwa na araha da ake ƙerawa a Sin.

Wata shida kacal kafin wannan sanarwa, ranar 1 ga Satumba 2017, wani sashe na dokar Tarayyar Turai ya fara aiki, wanda ya ɗora wa masu ƙera injin shara sharaɗin ƙarko. Dokar ta hau kan masu waya, ta bar masu batir. A haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ake ganin yadda ran kaya ke gajarcewa a wannan zamani ba tare da an kama kowa da laifi ba.

Awa 500

Dokar, mai lamba 666/2013, ta zo mataki biyu. Daga Satumbar 2014 dole injin shara na gida ya ci wuta ƙasa da wat 1,600. Daga Satumbar 2017 aka sauko da iyakar ƙasa da wat 900, aka kuma ce ƙararsa kada ta wuce desibel 80. A kan batun wat aka yi ta hayaniya, musamman a Birtaniya, inda jaridu suka riƙa cewa za a raba mutane da injina masu ƙarfi, har jama'a suka yi rububin saye kafin wa'adi ya cika. Tsoron bai tabbata ba. Yawan wutar da moto ke ci daban, ƙarfin zuƙarsa daban, kuma injin wat 2,000 mai yoyon iska mafi yawan wutarsa a zafi da ƙara take ƙarewa.

Akwai sharuɗɗa biyu da suka fi waɗannan amfani ga mai saye, amma kusan babu wanda ya kula da su. Na farko, dole moton ya yi aiki aƙalla awa 500 a wajen gwaji. Na biyu, dole tiyon ya jure lanƙwasa sau 40,000 ana jan sa da nauyi, kuma ya ci gaba da moruwa bayan haka. Gidan da ake kunna inji awa ɗaya a mako, awa 500 za ta kai shi kusan shekara 10.

Ba da ka aka zaɓi waɗannan wurare biyu ba, nan ne masu waya suka fi mutuwa. Moton yana juyawa sama da sau 20,000 a minti ɗaya. Wuta na shiga ɓangaren da ke juyawa ta wasu 'yan sanduna biyu na kabon, waɗanda masu gyara ke kira burushi, suna goga jikinsa suna cinyewa sannu a hankali. Ranar da suka ƙare moto zai fara tartsatsi da ƙauri, sannan ya tsaya. Tsawon wannan kabon, da ingancinsa, da irin boris ɗin da aka sa, duk kamfani ne ke yankewa. Ke nan tun a teburin zane an san kimanin awa nawa moton zai yi. Wannan shi kansa ba laifi ba ne, domin babu injiniyan da ke zana abu bai ƙiyasta ransa ba. Inda magana take shi ne awa nawa aka zaɓa, kuma idan abin da ke cinyewa ya cinye, shin an bar hanyar canza shi? A tsofaffin injina ana kwance noti biyu a zare kabon a sa sabo. A yawancin na araha na yanzu an matse shi cikin moton, ba a sayar da shi daban, sai dai a sayi moto sukutum, idan ma an samu.

Tare da wannan doka akwai 'yar'uwarta, mai lamba 665/2013, wadda ta tilasta liƙa takardar da ke nuna yawan wutar da inji ke ci da yadda yake kwashe ƙura. Dyson ya kai ƙara kotun Tarayyar Turai, yana cewa da jaka babu komai a ciki ake gwajin, alhali mai jaka ƙarfinsa raguwa yake yi idan jakar ta fara cika. Bayan shekaru ana shari'a, a Nuwambar 2018 kotu ta ba shi gaskiya ta soke dokar takardar. A kan wannan yana da hujja, gwajin bai yi kama da sharar gida ba. Amma ba a maye gurbin takardar da wata ba a lokacin, sai mai saye ya koma dogaro da abin da kamfani ya rubuta a kwali. Sharaɗin awa 500 kuwa yana nan, hukuncin bai taɓa shi ba.

Waɗanda aka tsame

A farkon dokar an jera na'urorin da ba ta shafa ba: masu zuƙar ruwa, na masana'antu, masu yawo da kansu a ƙasa, da masu aiki da batir. A 2013 wannan bai dami kowa ba, don a idon mutane da yawa mai batir ƙaramin abu ne na share kujerar mota da ɓurɓushin abinci. Kafin sharaɗin ƙarko ya fara aiki a 2017 kasuwa ta riga ta juya.

Ba daidai ba ne a ce Dyson ya koma batir don ya zille wa doka. Tun 2006 yake sayar da ƙananan masu batir, kuma mutane da kansu suka so su: ba nauyi, ba neman soket, a zaro shi daga bango a share falo cikin minti biyar a mayar. Moton V10 ma ya fi na da, ba shi da kabon da zai cinye, yana juyawa har sau 125,000 a minti. Matsalar da doka ta zo magancewa a moto, fasaha ta riga ta magance ta. Sai dai raunin bai ɓace ba, ya tashi daga moto ya koma batir, wurin da babu wani adadi da doka ta ɗora.

Shaida mafi sauƙin gani tana cikin takardar garanti. Kamfanin Dyson yana ba da garantin shekara 5 a kan manyan injinansa masu waya, shekara 2 a kan masu batir. Kamfani ɗaya, injiniyoyi ɗaya, kuma sau da yawa mai batir ɗin ya fi tsada. Kamfani ba ya yanke tsawon garanti sai ya yi lissafin lokacin da kaya za su fara dawo masa.

A Fabrairun 2019, ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta cire sirara masu batir na Dyson daga jerin kayan da take ba da shawarar a saya. Ba ta ce ba sa shara da kyau ba, a gwajinta suna cikin na gaba. Abin da ta dogara da shi shi ne rahoton dubban mambobinta a kan lalacewar injinan bayan 'yan shekaru, kuma ƙorafin da ya fi yawa na batir ne. Kamfanin ya musanta, ya ce nasa gwaje-gwajen da bayanan abokan cinikinsa ba haka suka nuna ba.

Abin da ke cikin batir

Batirin irin waɗannan injina tarin ƙwayoyin litiyam ne da aka jona a jere, guda 6 a samfuran Dyson na V6 da V8, guda 7 a V10. Ƙwayar litiyam tana tsufa ta hanya biyu. Kowane caji da sauka yana rage mata wani abu, sannan ko ba a taɓa ta ba kwanaki na cin ta, musamman in tana cike da caji a wuri mai zafi. Injin shara kuwa yana cikin na'urorin gida da suka fi wahalar da batir. Wayar hannu takan sha cajinta a yini guda. Injin shara idan aka sa shi a mafi ƙarfinsa yakan zuƙe batir ɗin cikin ƙasa da minti 10, duk da cewa minti 60 aka rubuta a kwalin V10, wanda lissafin mafi ƙarancin ƙarfi ne. Jan wuta mai yawa haka yana ɗumama ƙwayoyin, daga nan a maƙala injin a bango ya hau caji da zafinsa, ya cika, ya zauna a cike har gobe.

Da yake a jere ƙwayoyin suke, mafi rauni a cikinsu ita ke yanke wa sauran hukunci. Da zarar ta sauka ƙasa da iyaka, allon da ke kula da batir zai yanke wuta, ko da sauran na da caji. Shi ya sa a batura masu kyau ake sa wata dabara da ke daidaita ƙwayoyin lokacin caji, ta ɗan rage wa wadda ta yi gaba har na baya su kamo.

A nan wani abu ya fito fili a 2022. Wani injiniya mai zaman kansa ya buɗe baturan V6 da V7, ya wallafa abin da ya gani a intanet. A bayaninsa, ƙwaƙwalwar da ke kan allon tana da damar daidaita ƙwayoyi, amma ba a sa wasu 'yan ƙananan kaya guda 6 da za su ba ta damar yin aikin ba, kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ya kuma ce idan tazarar ƙwayoyin ta kai wani mataki, manhajar allon takan kulle batir ɗin kulli na har abada, wanda masu irin wannan inji suka sani da jar wuta mai ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Ya rubuta wata manhaja da ke cire kullin, ya sake ta kyauta ga masu gyara.

Akwai uzurin da za a iya kawowa, kuma ba na raina shi: litiyam na kama wuta, kamfani kuwa ya gwammace batir ya mutu da ya ƙone gidan mutum. Kulle batir ɗin da ya nuna alamar matsala yana da ma'ana. Amma uzurin kulli bai amsa tambayar rashin daidaitawa ba. A ganina abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne an ga ƙwayoyin za su kai ƙarshen garanti ba tare da daidaitawa ba, sai aka tsaya a nan. Abin da zai faru a shekara ta huɗu da ta biyar ya zama matsalar mai saye.

Duk da haka Dyson ba shi ne mafi muni ba, kuma adalci ne a faɗi wannan. Batirinsa da noti biyu ko uku yake riƙe, ana kwancewa a gida, kamfanin yana sayar da sabo, kuma a wasu samfura na baya-bayan nan ya koma wanda ake zarewa da danna maɓalli kawai. Ɓarnar ta fi yawa a ɗimbin masu kwaikwayonsa, inda ake cusa ƙwayoyin a cikin gangar jikin injin, a rufe da robar da in an ɓalle ta ba ta komawa. Wasu ko sunan kamfanin da za a nema babu, bayan shekara biyu samfurin ya ɓace daga kasuwa. Irin wannan inji ranar da batir ya gaza, lafiyayyen moto da tiyo da burushin ƙasa duk sun zama shara tare.

Da gangan ne?

Duk wanda ya yi maganar gajarta ran kaya da gangan, misalin ƙwan fitila yake fara kawowa, don shi ne wanda aka samu a rubuce. A Disambar 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a Jeniba suka kafa ƙungiyar da aka sani da Phoebus. Suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000, ana gwada kayan kowa, ana cin tarar wanda nasa ya zarce. Yarjejeniya ce, da takardu, da tara.

Faransa ta yi doka da irin wannan laifi a zuciya. A Agustan 2015 ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifin da ke jawo ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000, wadda za ta iya hawa zuwa kashi 5 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Sai dai tabbatar da niyya a kotu abu ne mai wuya. Ko shari'ar da ta fi shahara, ta rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone, da ta kai ga tarar yuro miliyan 25 a kan Apple a Fabrairun 2020, a kan laifin ɓoye wa masu saye bayani aka sasanta ta. A 2021 majalisar Faransa ta sassauta sharaɗin, ta cire buƙatar a nuna cewa an yi abin ne don a ƙara yawan saye.

A injin shara ba a buƙatar taron Jeniba. Ƙananan shawarwari ne, kowace da dalilinta. A sa maƙalin roba maimakon noti don haɗawa ta yi sauri a masana'anta. A sa noti mai kai na daban, wai don kada yaro ya buɗe. A sa wa sabon batir farashin da idan mutum ya haɗa da kuɗin filta da na aikawa zai ga gara ya sayi sabon inji. A daina ƙera kayan gyaran samfuri bayan an fito da magajinsa. Babu ɗaya daga ciki da za a kai kotu a ci nasara, amma idan aka tara su sakamakon ɗaya ne da na ƙwan fitila. Masu yawo da kansu ma sun ƙaro wata hanyar. Kamfanin Neato na Amurka ya rufe a 2023, uwar kamfaninsa Vorwerk ta yi alkawarin barin manhajar intanet ɗin injinan tana aiki shekara 5, amma a 2025 ta sanar da kashe ta kafin lokacin. Injinan lafiyarsu ƙalau, an dai datse musu rabin aikinsu daga nesa.

Da Faransa ta ga farautar niyya ba ta kai ta ko'ina ba, sai ta ɓullo ta wata hanya da na ga ta fi hikima. Daga Janairun 2021 ta tilasta a rubuta makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, kusa da farashin wasu kayan lantarki, kuma a Nuwambar 2022 aka shigar da injin shara, har da mai batir da mai yawo da kansa. Ana duba ko kamfani ya fitar da littafin gyara, matakai nawa ake bi kafin a kai ga ɓangaren da ya lalace, da wane irin makami, shekara nawa za a ci gaba da samun kayan gyara, da kuma kuɗinsu idan aka gwada da kuɗin injin. Kamfani ne ke ba kansa makin, wannan rauni ne babba, amma tambayoyin su ne ainihin waɗanda ya kamata a yi. Tarayyar Turai ta biyo baya. Dokar haƙƙin gyara ta 2024 ta ambaci injin shara cikin kayan da ta shafa, aka kuma ba ƙasashe wa'adin zuwa 31 ga Yuli 2026 su shigar da ita dokokinsu. Dokar batura ta 2023 ta ce daga 18 ga Fabrairu 2027 dole batirin irin waɗannan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya canza da kansa. Tsakanin 2017 da 2027 shekara 10 ke nan, kuma a cikinsu aka sayar da miliyoyin injinan da ba su da wannan kariya.

Inda suke ƙarewa sananne ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ƙananan kayan gida ne, rukunin da injin shara yake ciki. Kashi 12 cikin 100 kawai na wannan rukuni aka tattara aka sarrafa yadda ya dace.

Wanda bai canza ba

Kamfanin Numatic, wanda masana'antarsa take garin Chard da ke kudu maso yammacin Ingila, yana ƙera wani inji mai suna Henry tun 1981. Bokitin roba ne mai tayoyi, moto a murfi, jaka a ciki, an zana masa fuska mai murmushi. Masu sharar ofisoshi da makarantu da otal na Birtaniya shi suka fi riƙewa. Wayarsa mai tsawon mita 10 da hannu ake naɗe ta, babu sifirin da zai tsinke. Maƙalai biyu ake ɓallewa a ɗaga murfin. Tiyo, moto, makunni, waya, tayoyi, kowane ana sayar da shi shi kaɗai, kuma da yake siffar ba ta sauya sosai ba, kayan yau da yawa suna shiga na shekarun baya. Da dokar wat ta zo, aka rage motonsa daga wat 1,200 zuwa 620, ya ci gaba da aikinsa. Sebo da Miele na Jamus ma a kan wannan turba suke a injinansu masu waya, sai dai sun fi tsada.

Henry ba shi da wata fasaha ta a zo a gani. Yana da nauyin ja, yana kifewa a lungu, kuma jakarsa kuɗi ce da ba ta ƙarewa. Abin da ya raba shi da sauran shi ne wanda aka ƙera wa shi. Kamfanin shara da ke sayen inji 50 yana lissafin abin da kowane zai ci masa a shekara biyar, kuma in ya lalace gyara yake nema. Mai saye na gida farashin yau da kyan kwali yake gani. Kowa ana ƙera masa daidai abin da yake tambaya a kai, shi ya sa wanda ke neman ƙarko zai fi samun sa a layin kayan 'yan kwangilar shara fiye da layin da aka fi yi wa talla.

Jakar da Dyson ya yi suna wajen kawarwa ma tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Iskar da ta kwaso ƙura ita ce ke ratsa moto ta sanyaya shi. Jaka babbar matata ce da ake sabuntawa duk lokacin da aka canza ta. A mara jaka wannan aiki yana kan 'yar ƙaramar filta da ake so a riƙa wankewa ana bari ta bushe sarai, yini da kwana, kafin a mayar, kuma mutane ƙalilan ke yin haka. Filta ta toshe, iska ta ragu, moto ya yi zafi. Da yawa daga injinan da ake cewa sun mutu, toshewa ce kawai.

Idan ya iso kasuwarmu

Wannan lamari na Turai ne da Amurka, amma wutsiyarsa tana iso mu, domin yawancin injinan shara da ake gani a masallatai masu kafet, da otal, da wuraren wankin mota, da gidajen da suka shimfiɗa kafet bango zuwa bango, 'yan Kwatano ne ko sababbi na araha. Babu garantin da ke biyo su, kuma dokar 2027 ba za ta dawo ta gyara waɗanda aka riga aka ƙera ba. Su ne ma za su riƙa sauka a tashoshin jiragen ruwa shekaru masu zuwa.

Mai batir yana da jan hankali a wurinmu fiye da Turai, saboda wuta ba ta tsayawa, kuma wannan dalili ne na gaske. Amma yanayinmu ya haɗa duk abin da litiyam ba ya so. Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana haura digiri 40. Ƙurar hunturu laushi gare ta, tana toshe ƙaramar filta cikin kwanaki, moto ya ƙara zafi. Ɗan gwanjo mai batir kuwa ya riga ya ci rabin ransa a gidan wani, sannan ya yi watanni a kwantena ba caji, abin da kan sa ƙwayoyin su sauka ƙasa da iyakar da allo zai yarda ya sake caja su. Ya kunna a shago na minti ɗaya ba ya nuna komai. Wanda ya nace sai mai batir, ya tabbatar batir ɗin yana zaruwa daga waje, ya ga sabonsa a kasuwa da idonsa ya ji kuɗinsa kafin ya biya, sannan a bar injin yana aiki a gabansa har cajin ya ƙare yana duba agogo. Masu gyaranmu suna iya canza ƙwayoyi, amma a kula ƙwarai: waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta sau da yawa girmansu ɗaya da na injin shara, sai dai ba a yi su don jan wuta mai yawa ba, suna zafi har su kai ga gobara.

Ga masallaci ko gida mai faɗin kafet, mai waya irin na bokiti ya fi dacewa nesa ba kusa ba. A nan dokar Turai ta yi mana rana ba da niyya ba: duk mai waya da aka ƙera wa kasuwarsu daga ƙarshen 2017, in ba mai zuƙar ruwa ko na masana'antu ba, yana cin ƙasa da wat 900, don haka matsakaicin janareta ko inbata mai ɗan ƙarfi zai ɗauke shi, kuma an gwada motonsa a kan awa 500. Lambar wat da ta bolt suna rubuce a wata 'yar takarda a ƙarƙashin injin. A karanta ta, domin na Amurka bolt 120 yake so, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce, in aka jona shi kai tsaye nan take zai ƙone. A juya injin a ga ko da noti na gama-gari aka ɗaure shi. A miƙe tiyon a duba tsaga, musamman kusa da bakinsa biyu. A kunna a saurara, a shaƙa: ƙara mai kaifi alamar boris ne, ƙauri da tartsatsi alamar kabon ya kusa ƙarewa, kuma dukansu mai gyaran fanka da injin markaɗe zai iya yi idan moton mai buɗuwa ne. Jakar takarda ba a cika samu a kasuwanninmu ba, don haka a nemi samfurin da ke karɓar jakar yadi da ake zazzagewa a mayar. Kada a yi shara da shi babu jaka ko filta ko sau ɗaya, kada kuma a zuƙi toka, garin siminti ko ruwa da injin da ba don su aka yi shi ba.